Naman da Yayana Ya Ɓoye a Burodi

A shekarun da kuɗin mai suka fara mantar da mutane hanyar gona, yayana ya dawo Birnin Kudu daga Kaduna da wando mai faɗin ƙafa, da rediyo, da ra'ayi a kan komai. Fura wai tana sa kasala, tuwo kuma abincin mutanen da ne. Inna da ta raine shi da su ta ƙyale shi, tunda yanzu shi ne mai albashi.

Yana neman wata yarinya a Gwaram, 'yar masu shanu, kuma son gaske yake mata, wannan kam ban taɓa yi masa tsiya a kai ba. Aka aiko cewa kawunta da wani dattijo za su zo su ga gidanmu kafin a ba shi ita. Inna ta ce a tuƙa tuwon shinkafa, a jera tsoka a kai. Yayana ya ce zamani ya wuce nan, sanwici za a yi, wato burodi da nama a ciki, abincin manyan ofis.

Da sassafe ya sayo naman ƙirjin bijimi, aka zuba a tukunyar ƙasa da albasa da citta da masoro, aka ɗora a garwashi. Ni ce mai fifita, shi kuma injiniya, yana tsaye hannu a ƙugu yana ba da umarni. Sai bayan azahar naman ya yi lugub, yana rabuwa da kansa. Ya yayyaga shi, ya tsaga burodi ya cusa, ya danne, har ya goge gefe don kada maiƙo ya leƙo.

"Ɗan nan, nama a sama ake sa shi," in ji Inna.

"Inna, ba za ki gane ba."

Abin da bokon Kaduna bai koya masa ba, suruki ba ya cin abinci a irin wannan zuwan. Faifai kawai yake ɗagawa, ya ga darajar da aka ba shi, ya mayar. Kawun ya ɗaga faifai a zaure, ya ga burodi jere kamar a tasha. Ya dubi abokin tafiyarsa, ya rufe.

"Madalla, Allah ya yi albarka."

Suka sha ruwa, suka nemi mota. Mu muka cinye, kuma ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba.

Ranar kasuwa saƙo ya iso daga Gwaram: gidan da aka tarbi kawun yarinya da gayan burodi, ita me za a riƙa ba ta? Sun fasa.

Yayana ya miƙe. "Amma ai da sun buɗe burodin..."

"Dattijo mai garke ne zai zauna yana tonon burodi kamar kaza?" in ji Inna.

Ya koma ya zauna a bakin murhu. Na shirya masa baƙar magana tun safe, amma tausayi ya hana ni faɗa.