Ƙuri'ar Inna Dije

Shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki ina 'yar shekara tara, a gidanmu na Ƙofar Durbi. Damina ce. In an sauke tuwo sai mu jikoki mu kewaye murhu, kakarmu Inna Dije tana gasa mana masara tana yi mana tatsuniya. Ni ce sarkin tambaya, shi ya sa ranƙwashinta ya san kaina.

Wata rana ta kawo wadda ba mu taɓa ji ba. Wai tsuntsaye za su zaɓi shugaba, kowa ya jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda yake so. Wata kurciya da mijinta ya mutu ta ɗauki tsakuwarta, sai ta yi turus: mace ba ta fita sai da izini, to ita wa zai ba ta? Ta tambayi shamuwa, shamuwa ta ce mujiya ce ta san doka. Mujiya ta ce ita ma a bakin hankaka ta ji. Hankaka ya ce a bari ya binciko. Kafin ya dawo an juye ƙwarya an ƙirga.

"Inna, to wa ke da laifi?"

"Ke hwa kin cika tambaya. Ni mi na sani? Juya masararki kar ta ƙone."

Na tashi a ruɗe. Duk tatsuniyoyinta akwai mugun da ke kwasar kashinsa a hannu, wannan kuwa na duba ban ga mugu ba.

Bayan shekara ashirin, da aka sake komawa farar hula, na zo rubuta kundin digiri kan 'yancin mata na jefa ƙuri'a. Na sha yawo. Ɗakin karatu suka tura ni wani ofis, ofis suka tura ni wurin wani tsohon lauya, shi kuma ya ce gara ta cinye takardunsa. Da ƙyar na samo dokar zaɓen da aka yi ina 'yar shekara tara. Sau uku na karanta ina neman inda aka ce mace sai da izinin wani. Babu.

Na kai wa mahaifiyata na nuna mata.

"Ai Inna ta yi rajista," ta ce. "Ran zaɓe tun hantsi ta yafa mayafi, ta zauna bakin ɗakinta da kati a hannu. Babanku ya ce ba shi da hurumin ba uwarshi izini, a tambayi wanta. Wan ya ce a tambayi liman. Liman ya tahi jana'iza. Tana nan zaune har aka kira magariba."

Inna ba ta kai zaɓe na gaba ba. Abin da ke ci min rai har yau, ba wanda ya hana ta. Da a ce ta miƙe ta fita, da ba mai tare ta, amma duk gidan ba wanda ya san haka.