Langar da Yaya Asabe Ta Ajiye

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar yayata, wadda Unguwar Dosa ta sani da Asabe tela. Duk shekara idan watan ya zagayo, addu'a nake yi mata, in yi sadaka, in kama bakina. Bana kam ba zan kama shi ba, domin ana shirin ba wa masu sayar da motoci lambun da ta buɗe wa matan unguwa, kuma masu shirin ba su ji kunyar cewa wai ai ba mai amfani da wurin ba.

Ɗan lambu ne a bayan layinmu, mai itatuwan mangwaro da dogon yaro, da bencin siminti, da wani lilo da ya tsinke tun ina budurwa. Kafin korona, lambu a wurinmu abin Sallah ne. A yi wa yara kwalliya, a kai su a ɗauki hoto, shi ke nan sai wata Sallar. Matar aure kuwa ta shiga ta zaga haka kawai? Ai kafin ta koma gida an gama yi da ita. A unguwarmu mace ba ta fita sai da dalili, ko biki ko suna ko gaisuwar mutuwa ko asibiti. Duk wanda kika gamu da shi zai ce "Ina zuwa?", kuma wallahi amsa yake jira.

Sai ga kullen korona. Yaya tana gidan haya mai ɗaki tara, tsakar gidan ko tabarma huɗu ba ta ɗauka. Ta daɗe da hawan jini, tattakin da take yi zuwa shagonta a Abakwa shi ke riƙe da ita, sai aka rufe shago. Cikin 'yan makonni ƙafafunta suka kumbura, kai yana sara ba dare ba rana. Likita ya ce ta riƙa tafiya. Mijinta, Malam Sani kafinta, Allah ya saka masa, ya ce ta fita. Amma ta fita ta ce ina za ta? Ga masu tsare hanya, ga 'yan majalisar bakin layi waɗanda kulle bai hana su zama ba.

Akwai wani tsoho Bakatsine, Baba Ila, mai gadin lambun, kulle ya ritsa da shi babu mai kawo masa ko koko. Wata safiya Yaya ta zuba ɗumame a langa, ta rufe da murfi, ta ɗaure da ɗankwali, ta kama hanya. Ba wanda ya tare ta, don ba a tare mace mai kai abinci. Baba Ila yana ci, ita tana zaga lambun. Ta dawo da zufa tana dariya, ta aiko mini cewa gobe in zo da tawa langar.

Kafin wata ya cika mun yi yawa. Kowace da takunkumi a fuska, kowace da ƙunshi a hannu, muna bin juna nesa-nesa kamar masu zuwa kai abincin gona. To abinci ya yi wuya a lokacin, kowa ya sani. Ɗaya ce ke kawo wa tsohon na gaske, sauran mu kwanonin wofi muke ɗauka. Baba Ila yakan yi mana tsiya cewa da duk akwai tuwo a ciki, da ƙofar lambun ba ta ishe shi fita ba. A nan na ga mata sun buɗe ƙirji sun shaƙi iska. Na ga wadda ta jingina da mangwaro ta yi kukan da ta kasa yi a ɗaki gaban 'ya'yanta, ta share ido ta ci gaba da zagaye.

Ranar da abin ya tonu ina bayanta. Daidai majalisa Yaya ta yi tuntuɓe, ɗaurin ya kwance, murfin ya gangara ya je ya tsaya a ƙafar Alhaji Tanko, babban majalisar. Langa fayau, ko maiƙo babu. Alhaji ya ɗaga murfin yana murmushi ya ce, "Malama Asabe, yau Baba Ila azumi yake?" Aka kwashe da dariya.

Yaya ta karɓi murfinta ta kakkaɓe. Ta ce, "Alhaji, ba yau ba, an kwana biyu ba komai a ciki. Iska nake zuwa sha. Likita ya sa ni, mijina ya yarda. Da sauran tambaya?"

Ta wuce, ta miƙa wa Baba Ila langar ta ce ya riƙe, ta gama da ita. Daga ranar hannu sake take tafiya, kowa ya tambaya ta ce lambu za ta. An yi da ita, ba ƙarya. An ce ta waye, an ce tana lalata matan mutane, wasu suka janye ɗinkinsu da aka buɗe gari. Ko a jikinta. Ni kuwa, bari in faɗi abin kunyata: na ci gaba da ɗaukar tawa langar har bayan kulle. Kullum ta gan ni sai ta ce in gaida mata tuwon da ba ya ƙarewa, ni kuma in tsuke fuska. Sai bayan an kai ta, da muka gama zaman makoki, na iya fita ba komai a hannuna, kuma hawaye nake har na isa.

Lambu bai hana ta mutuwa ba, kwana ne ya ƙare. Amma ta samu shekara guda da 'yan watanni tana tafiya da ƙafafunta, tana barci, tana ɗinki, har ta aurar da 'yarta tana tsaye.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wurin yau. Da hantsi mata ne cike, takalman kambas a ƙarƙashin hijabi, har da tsofaffi masu ciwon suga da masu jego. Bayan la'asar dattawa ne, ciki har da biyu daga waɗanda suka yi mata dariya. Na san sai ta tsaya ta gaishe su da kyau don su ji a jikinsu. Amma da ta ji cewa Alhaji Tanko, wanda yanzu shi ne shugaban kwamitin unguwa, yana cewa korona ta wuce, kowace mace ta zaga tsakar gidanta, da ba a kwashe lafiya ba. Korona ta wuce, mun ji, mun gode Allah. Hawan jini ya wuce ne? Ko ɗakunanmu ne suka ƙara faɗi? Da suka ce ba mai amfani da wurin, ba ƙarya suke ganin sun yi ba. Sun duba ne, mata suka gani, sai suka ce ba kowa. Wannan shi ke ƙona mini rai.

Ranar Lahadi mai zuwa kwamiti zai zauna a cikin lambun ya yanke magana, kuma ba a gayyaci mace ko ɗaya ba. Da muka taru a lambun muna shawara, wata daga cikinmu ta kawo dabara: mu dafa abinci mu kai wa dattawa, in mun ajiye sai mu ɗan ja gefe mu ji abin da ake cewa, ƙila a ba mu dama mu sa baki. Kowa ya ce dabarar ta yi. Ni ma har na fara tunanin wace miya zan yi, sai idona ya kai kan famfon bakin ƙofa. Langar Yaya tana nan a ƙarƙashinsa, fentin ya ɓare, Baba Ila yana zuba wa tsuntsaye ruwa a ciki. Kunya ta rufe ni. Na ce musu a'a, ba da ni ba, an gama wannan tun tana raye.

Ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar fili ba, keken ɗinkinta ma yana wurin 'yarta. Abin da ta bar mana shi ne mace ta fito ta faɗi inda za ta ba tare da ta fake da kwano ba. Ba zan mayar da shi ba. Allah ya jiƙan Yaya Asabe, ya yalwata mata kabari fiye da tsakar gidan da ta zauna.

Alhaji Tanko, ina gaisuwa da girmamawa. Ranar Lahadi muna tafe, mu duka, kuma kada a tanadi cokali. Ba komai a hannunmu.