Shafin da Ya Sandare Ranar Jana'izar Semisi

Wani kamfanin shirya jana'iza a birnin Okland na ƙasar New Zealand ya hana Melenaite Havili ganin fuskar ƙanenta kafin a rufe akwati. Da kwalliyar shafin intanet suka yi mata wannan aika-aika.

Shekarunta sittin da takwas, duk a tsibirin Foa na ƙasar Tonga ta yi su tana saƙar tabarma. Ita ta yi rainon Semisi. Da ya fara gemu, kunyar da al'adarsu ta sa tsakanin mace da ɗan'uwanta ta raba su: ba zama ɗaki ɗaya, ba haɗa ido. Ya tafi Okland aikin kamfanin nama, shekara talatin gaisuwarsa ta bakin matarsa take isowa. Ranar mutuwarsa kaɗai al'ada ta ba ta wurin zama daf da kansa, ta kalle shi son ranta.

Hawan jini ya hana ta shiga jirgi. Sai 'yarsa Ilaisaane ta turo adireshin shafin da za a nuna komai kai tsaye, ta ce, "Goggo, za a buɗe akwatin minti goma saboda ke."

Ƙarfe goma na safe ta sa baƙaƙen kaya, ta ɗaura tsohuwar tabarmar makoki a ƙugu yadda al'adarsu take, ta zauna a ƙasa. Maƙwabciyarta Fusi ta jingina wayar da Littafi Mai Tsarki.

Shafin ya buɗe da kyandirori suna rawa, kurciyoyi suna shawagi, furanni suna zubowa, saƙon ta'aziyya yana faɗowa kan saƙo. Wayar ta ɗau zafi. Hoto ya tsaya cak a kan gwiwar hannun fasto. Can rubutu ya fito cewa shafin ya daina amsawa, a jira ko a rufe.

Fusi ta ce a rufe a sake buɗewa, ai ba mutum ba ne da zai ji haushi.

"Ni in tashi daga kan gawar Semisi? Ke da bakinki kamar ƙofar coci, danna jira."

Sau huɗu ana tambaya, sau huɗu tana cewa a jira. Tana zaune ƙafa a naɗe, tana kallon hannun rigar fasto, leɓenta yana motsi. Da Fusi ta gaji ta fizge wayar ta sake buɗewa, maza shida suka gani ɗauke da akwati a rufe. Nan ma ya sake sandarewa.

Wata malamar firamare ta duba daga baya, ta ce sabis lafiyarsa lau. Kowace kurciya, kowane fure, umarni ne da shafin yake ɗora wa wayar ta aiwatar, ɗaruruwa a lokaci guda, har ta kasa nuna bidiyon. Kamfanin kuwa ya amsa wa Ilaisaane cewa a kwamfutocin ofishinsu sumul yake tafiya, goggo ta sayi sabuwar waya. Ji rashin kunya. Kuma wai ba su naɗi bidiyon ba tunda ba a nema ba.

Melenaite ba ta zagi kowa ba. Tambayar Ilaisaane kawai take yi ko ya rame, ko an taje masa furfura.

Ku masu wannan shafi, ku sa wurin dannawa guda da zai nuna bidiyo zalla, ku gwada shi a tsohuwar waya kafin Asabar. Kuna da wata gawar ranar, uwar mamacin kuma a tsibirin Ha'ano take.