Daƙiƙa Goma

A shekarar 1988 suka fara haɗuwa, a ofishin da Akawu ke buga takardu. Ɗayan mutumin ya zo a matsayin masinja, magidanci ne mai yatsu kamar na maƙeri. Wata rana ya roƙi a koya masa tafireta. A lokacin, da agogo ake koyo, kalma kaza a minti ɗaya, shi kuwa da ya ji ƙarar agogon sai yatsun su sandare. Akawu ya lura. Ya ɗauki agogon ya kifa shi a aljihun tebur, ya ce, "Buga a hankali. Takarda ba ta gudu."

Daga tafireta masinjan ya koma kwamfuta, har ya buɗe ɗan shago a ƙarƙashin wani bene. Kowa Mai Gyara yake kiransa.

Matar Akawu ungozoma ce. Kafin ta rasu ta shigar da duk haihuwar da ta karɓa cikin kwamfutar gidan, suna da rana da nauyi, jarirai dubu biyu da ɗari ɗaya da shida. Manhajar da ta yi aiki da ita ba ta buɗuwa sai a tsohon tsarin kwamfutar. Jikarsu kuma, da ta shiga jami'a, sabon tsari take bukata. Kwamfutar ɗaya ce. Sai aka kira Mai Gyara.

"Baba, ba sai an goge komai ba," in ji Mai Gyara. "Raba ta zan yi gida biyu, kamar ɗaki da falo. In kun kunna za ta tambaye ku inda za ku shiga."

Ya raba, ya gwada, ya tafi. Abin da bai faɗa ba, domin a wurinsa ba abin faɗa ba ne, shi ne daƙiƙa goma kawai take jira, sai ta wuce sabon tsarin da kanta. Akawu kuwa tsarinsa bai taɓa canjawa ba: ya kunna, ya ciro tabarau daga kube, ya goge da hankici, sannan ya dubi allo. Kullum sabon tsari yake tararwa. Ya zaci littafin haihuwar da matarsa ta shigar ya ɓace. Bai gaya wa kowa ba, don kada a kunyata Mai Gyara. Mako uku bai ci abincin kirki ba.

Jikar ce ta je shago. "Kawu, tsohon nan fa yana ramewa. Ya kunna, ya zauna, ya kashe."

Mai Gyara ya rufe shago da rana tsaka ya zo. "Baba, ku kunna in gani." Ya tsaya a bayansa yana kallo: kube, hankici, tabarau. Ya ja kujera, ya yi ɗan rubutu, ya kashe kwamfutar.

"Ku sake."

Akawu ya kunna, ya goge tabarau yadda ya saba. Da ya ɗago, layi biyu na tsaye a baƙin allo. Na sama an rubuta Littafin Mama. Lambobin da ke ƙirga daƙiƙa babu su.

"Har yaushe za ta jira?"

"Har ku shirya, Baba. Na sa agogon a aljihun tebur."

Mai Gyara ya ɗauki hularsa ya fita, tun kafin sunan jariri na farko ya bayyana.