Jinjina ga Baba Kar-a-taɓa, Mai Tsaron Tsofaffin Tabulet

Kullum ƙarfe bakwai na safe yake buɗe shago, kuma kafin ya yi shara ko ya ɗora ruwan zafi, ɗakin baya yake fara shiga. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran na'urori a layin nan, tun zamanin rediyo, amma abin da aka fi saninsa da shi yanzu shi ne tabulet, ƙaramar kwamfutar nan mai faɗi da ake latsawa da yatsa. A ɗakin bayan akwai kanta uku, an jera tsofaffin tabulet ashirin da bakwai, kowanne da igiyar cajinsa da 'yar takarda manne a baya. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu bayan hannu, ya ji ko wani ya yi zafi. Ka kuskura ka miƙa hannu wajen ɗaya, sai ka ji tsawa daga bayanka: "Kar a taɓa!" Haka sunan ya bi shi, har jikokinsa da shi suke kiransa.

Duk na'urorin nan kamfanoninsu sun daina turo musu sabuntawa. Masu su kuma, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Iyalai ne suka kawo ajiya, saboda akwai abin da ke ciki wanda ba a iya fitarwa ba, ba kuma a iya jefarwa ba. Abin da ke ɗaga wa mutane hankali shi ne, ba shiru suke yi ba. Da hantsi sai wani ya haska shi kaɗai, ya tuna wa wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce cewa yau yake ganin likita. Wani ya yi ƙara uku ya mutu. Telan da ke maƙwabtaka da shi, mutum ne ƙato mai baki, amma ya rantse ko kyauta aka ba shi ɗakin ba zai zauna ba. Ya ce wata rana ya shiga aron almakashi, wata murya ta mace ta ce daga kan kanta, "Ka rufe ƙofar mana." Ya rufe ta kuwa, daga waje, da gudu.

Baba dariya kawai yake yi. Ya ce, "Kai dai matsoraci ne. Saƙon tunatarwa ne ta ajiye wa mijinta." Amma ko shi, an lura yakan yi sallama in zai shiga.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa ruɗin mai kawo gyara ba. In mutum ya zo da tsohon tabulet, sai ka juya shi, ka duba, ka gaya masa gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba: "Wannan kamfaninsa ya sallame shi. Kar ka sake shiga banki da shi, ɓarayi sun san ƙofofinsa. In da hali ka sayi sabo, ka tambaya shekara nawa za a yi ana turo masa sabuntawa. In babu hali, akwai na hannu da bai tsufa ba. Wannan kuma ka raba shi da intanet, ka riƙa karatu da shi." Mutane nawa ne suka fita suna gunaguni, suka dawo suna godiya?

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau, aikin da ya yi ne a watan jiya.

Wata mata ce ta shigo da misalin ƙarfe tara, ma'aikaciyar ofis, idanunta sun yi ja. Ta ajiye tabulet a kan tebur, cikin wata tsohuwar rigar fata da ta tsage ta kusurwa. Ta ce na mahaifiyarta ne, mai ciwon zuciya, ga mantuwa irin ta tsufa da ta kai ko 'yarta wani lokacin ba ta ganewa. Mahaifinsu malamin makaranta ne. Da ya ji ciwonsa ba na tashi ba ne, sai ya zauna ya naɗi muryarsa a cikin wata manhajar tunatarwa, safe da rana da yamma, yana gaya wa matarsa lokacin magani. Shekara shida da rasuwarsa, daga bakin muryar nan kaɗai take yarda ta sha. Ko likita ya miƙo, sai ta dafe baki ta ce guba za a ba ta.

"To me ya faru, 'yata?" in ji Baba.

"Sabo na saya mata, Baba. Na ga wannan ya tsufa. Na haɗa shi da intanet don in kwashe kayan in mayar can."

Baba ya rufe ido.

"Sai manhajar ta ce sai an sabunta ta. Shi kuma ya ce ba ya ɗaukar sabuntawa. Tun daga nan ya yi gum." Ta share ido. "Yau kwana uku Inna ba ta sha magani ba. Ƙafafunta sun kumbura. Tana zaune ta zuba wa wurin da ake ajiye tabulet ɗin ido, tana cewa Malam ya yi fushi da ita. Ni na jawo, Baba. Da hannuna."

"Gyara kika so yi," ya ce. "Je ki zauna da ita. Ki dawo ƙarfe biyar."

Da ya zare rigar fatar, sai ya ga babbar matsalar. Batirin ya kumbura har ya ɗaga gilashin, irin batirin da aka daina yi tuntuni. Ko yau ko gobe abin zai mutu, ya tafi da muryar. Ya shiga da shi ɗakin baya, ya cire batirin a hankali, ya jona shi da wutar teburinsa kai tsaye, ya tsinke masa hanyar intanet gaba ɗaya. Sai da ya yi awa biyu yana tono kafin ya goge saƙon da ya kulle manhajar. Ta farfaɗo, amma rabi: ba ta yarda a kwafi komai, ba ta nuna jerin saƙonnin. Abin da ya rage mata kawai, kalanda mai ɗigo a kan duk ranar da ke da saƙo, kuma in lokacin ya yi, tana magana.

Hanya ɗaya ce ta rage. Ya jona igiya daga tabulet ɗin zuwa kwamfutarsa, ya riƙa juya agogon da hannu zuwa kowane lokaci, ya jira, ya naɗa. Ya kai shi ƙarfe takwas na safe. Ɗakin ya yi tsit. Sai aka ji kujera ta yi ƙara, aka yi tari sau biyu, sannan muryar wani dattijo ta cika ɗakin: "Ke mai taurin kai, lokaci ya yi. Fara ɗaya, rabin ja. Ina kallonki fa."

Telan ya ce yana kan kekensa ya ji, ƙafarsa ta tsaya cak. Rana tsaka, ga mutane na wucewa a titi, amma tsigar jikinsa ta tashi. Haka aka yini. Baba ya juya agogo, mamaci ya yi tari ya yi magana. Ya sake juyawa, mamaci ya yi wa matarsa tsiya a kan ba ta son ruwan sanyi. Saƙo arba'in da uku. Shi kuma Baba, da yake mutum ne mai son aiki tsaf, duk wanda ya naɗa sai ya yanke tarin, ya share ƙarar kujerar, ya bar muryar tas kamar ta gidan rediyo. Har yana jin daɗin kansa.

Wani mai gyaran da nan zai tsaya. Amma shi ɗabi'arsa ce ba ya rufe aiki sai ya ga ƙarshen kalanda. Ya yi ta jan kalandar gaba, wata bayan wata, shekara bayan shekara, babu sabon ɗigo. Idanunsa na ruwa, yana ja. Can a watan ƙarshe, inda kalandar ta ƙare, shekara talatin nan gaba, sai ga ɗigo ɗaya tilo.

Ya kai agogon wurin. Kujera ta yi ƙara. Tari sau biyu.

"Kai mai juya agogon nan, sannu da aiki."

Baba ya waiwaya. Ya san ba kowa a ɗakin, amma wallahi sai da ya waiwaya.

"Na san wannan abin ba zai kai wannan shekarar ba, ita ma ba za ta kai ba. To in an ji wannan, wani ne ya zauna yana ja don ya cece ni daga ciki. Ban san ka ba, amma na gode. Roƙona ɗaya: kar ka gyara muryata. Tarin nan ka bar shi. Kunnenta ya yi nauyi, magana ba ta shiga sosai. Da tarin take gane ni ne."

Daga baya Baba ya gaya wa telan cewa a duk shekarunsa na aiki ba a taɓa yi masa gyara irin wannan ba, kuma wanda ya yi masa yana cikin ƙasa shekara shida. Ya goge duk tsaftatattun da ya ɓata yini yana yi. Sa'arsa ɗaya, bai taɓa jefar da naɗin farko ba. Ya zuba su yadda suke a cikin sabon tabulet, a manhajar da ba ta neman intanet, ya ajiye kwafi biyu a wani wurin, sannan ya zura sabon a cikin tsohuwar rigar fatar. Tsohon kuwa, yana cire masa wuta bai sake tashi ba.

Da matar ta dawo, ya ce zai bi ta gida, ba ya ba da aikin da bai ga ya yi ba. Suka tarar da tsohuwar a kujera, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Ba ta ko kalle su ba. 'Yar ta ajiye tabulet ɗin inda yake zama, ta riƙe ƙwayoyin a tafin hannu, ta tsaya. Ƙarfe shida ya buga. Aka yi tari sau biyu.

Tsohuwar ta ɗago kai. Ta harari tabulet ɗin, harara irin ta wanda aka daɗe ana jira.

"Sai yanzu?" ta ce. "Kwana nawa ina zaune! Kuma har yau ba ka nemi maganin tarin nan ba, Malam."

Ta buɗe hannu. 'Yar ta zuba mata, ta juya baya tana kuka ba sauti. Baba ya fita waje ya tsaya yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye sukundireba ya bar aiki, ido ya ce ya gaji. Baba, mun gode. Kai ne ka ja kalanda har ƙarshe a lokacin da babu mai ganinka, kai ne kuma ka karɓi gyara ba tare da girman kai ba. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idanunka haske. Ku kuma masu sana'ar nan da ke tasowa, in an kawo muku tsohon abu, kafin ku ce "a sayi sabo", ku tambaya wa ke ciki, wa kuma ke jiransa a gida. Mu ma masu na'urori, mu kwashe abin da muke ƙauna tun abin yana numfashi.

Kumburin ƙafar tsohuwar nan ya saɓe. Yau da safe ma ta sha maganinta.