Batirin Sola a Kan Malam Buba

Cikin duk shekarun da na yi a aikin sito, ban taɓa mantawa da ranar da na fara ba, kuma ba don daɗi nake tuna ta ba. Wata Litinin ce a farkon damina. Na hau acaɓa daga Roni da sassafe, na sauka a bakin wani babban sito da ke bayan garin Kazaure. Manyan motoci ne ke kawo kaya nan daga Kano, katan-katan na sabulu da taliya da man girki da kayan lantarki, ƙananan motoci kuma su kwasa su raba wa 'yan kasuwar Roni da Gwiwa da Ɓaɓura da Kanya Babba. Kawuna ne ya samo mini aikin, don shi da manaja sun san juna.

Mu biyu aka ɗauka ran nan. Ɗayan shi ne Malam Buba, Bafulatani daga wajen Gwiwa, dattijo siriri mai furfura a gemu. Muna jiran a buɗe ƙofa ya gaya mini cuta ce ta shiga garkensa ta bar shi da sanda kawai, ga iyali a gida. Aikin nan shi ne abin da ya rage masa.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Manaja yana ofis. A ƙarƙashinsa akwai shugaban masu ɗaukar kaya, wanda muke kira Sarkin Dako. In mota ta zo, mutum biyu suna hawa sama, su ne masu ɗori, su ɗora maka kaya a ka. Ka shiga da shi ciki, can kuma akwai mutum biyu masu sauke, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ɗaga shi daga kanka tare. Kaya mai nauyi ba ka isa ka sauke wa kanka ba. Sabon ma'aikaci kuma yana da makon gwaji, duk wanda ya fasa kaya a cikin makon nan an sallame shi, ba magiya.

Sarkin Dako na lokacin sunansa Modu, ƙato mai babbar murya. A Kazaure aka haife shi, amma kakanninsa Barebari ne. Yana ganin Malam Buba ya tafa hannu.

"Kai! Wa ya kawo mini bawana har sito? Buba, ina ka baro mini shanuna?"

Malam Buba ya yi dariya ya ce, "Zuwa na yi in ga yadda bawana ke riƙe mini dukiya. Ashe cinye ta kake yi, dubi tumbi."

Kowa ya fashe da dariya, har da Modu. Wasan Barebari da Fulani ne, kowa ya san shi, ba mai jin haushi. Na ce a raina, lalle na faɗo cikin mutanen kirki.

Bayan azahar mota ta zo da batiran sola, irin manyan nan masu ruwa a ciki, kowanne a cikin katan. A sito duka babu abin da ya fi su nauyi. A nan ne na san wata al'ada da suke kira gaisuwar sito. Za a ɗora wa sabo kaya mafi nauyi, in ya isa ciki sai masu sauke su ja da baya su naɗe hannu, har sai ya faɗi abin da Sarkin Dako ya ce ya faɗa.

Da ni aka fara. Na isa ciki wuyana kamar zai nutse cikin ƙirjina. Modu ya ce, "Ɗan Roni, ce na gaishe da iyayen gidana." Kafin ya rufe baki na faɗa, har sau biyu ma. Aka sauke mini, aka bubbuga mini baya. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na koma cikin 'yan kallo ina washe baki, wai ni na zama ɗan gida.

Malam Buba ya kwance rawaninsa, ya naɗe shi ya yi gammo. Aka ɗora masa. Ya tako a hankali har gaban masu sauke, su kuma suka ja da baya.

"Sarki, a sauke," in ji shi.

Modu ya zauna a kan wani katan ya miƙe ƙafa. "Za a sauke. Amma sai ka faɗa da bakinka, kowa ya ji. Ce ni Buba bawan Modu ne, ni da iyayena."

Malam Buba ya gyara tsayuwa, kaya a kansa.

"Au! Da safe bakinka har kunne. Yanzu ina bakin ya tafi?"

Aka yi dariya, amma ba kamar ta safe ba. Dattijon nan yana tsaye, idonsa a kan bango. Gumi ya fara bin gemunsa yana ɗiga a riga. Jijiyoyin wuyansa suka fito raɗa-raɗa. Ni kuwa ina tsaye ina cewa a raina yanzu za su sauke, yanzu za su sauke. Gaskiyar magana, makon gwajina nake tunani. Sai da na ga gwiwoyinsa sun fara kaɗawa sannan na iya motsi.

Na ruga na ce, "Ku ji tsoron Allah! Sa'an ubanku ne fa! Wani ya kama ɗaya gefen!"

Ba wanda ya matso. Duk Modu suke kallo. Sai na kama gefe ɗaya na ɗaga da iya ƙarfina. Ban sani ba, ashe wannan shi ne abin da ba a yi. In ka ɗaga gefe ɗaya, nauyin duka ɗaya gefen yake komawa, ya tafi da wuyan mai kaya. Na ji wuyan Malam Buba ya yi ƙas. Batirin ya sulluɓe ya daki siminti, ya tsage, ruwansa ya fara malala yana wari. Malam Buba ya durƙusa ya dafe ƙeya.

Ni mutum ne mai saurin fushi, tun ina yaro mahaifiyata take yi mini faɗa a kai. Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigar Modu ba, na zage shi, na zagi ubansa. A haka manaja ya fito ya same mu.

"Me ke faruwa a nan?"

Modu ya gyara riga, ya sassauta murya kamar ba shi ba. "Ranka ya daɗe, sababbin ne suka yi gaban kansu. Kafin masu sauke su iso, wannan ya fizgo kayan."

Na ce, "Wallahi ƙarya yake yi! Shi ya hana a sauke!"

"Kai, rufe mini baki," in ji manaja. "Da idona na ga hannunka a wuyan shugabanka. Kai ne za ka ba ni shaida?"

Ya juya ga sauran. Manya-manyan maza, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Da ƙyar ɗaya daga masu sauke ya ce, "Oga, wasa ne dai irin na Barebari da Fulani." Manaja har ya ɗan murmusa. Murmushin nan har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Mutum yana durƙushe ya kasa ɗaga kai, ana kiran abin wasa.

Manaja ya tambayi Malam Buba. Dattijon ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Kaya ne ya faɗi."

Nan take aka yanke hukunci. Malam Buba kaya ya fashe a kansa cikin makon gwaji, kuma wai dama shekarunsa sun wuce na aikin, an sallame shi. Ni da na ɗaga kayan, ni da na yi zagi, aka ce in je gida sai mako mai zuwa, albarkacin kawuna. Modu kuwa ko tsawa ba a yi masa ba.

Na tarar da Malam Buba a bakin ƙofa yana warware gammon yana mai da shi rawani, a hankali, don hannunsa ba ya kaiwa sama sosai. Na ba shi haƙuri. Sannan na ce, "Baba, don me ba ka faɗa ba? Magana ce kawai. Da safe ma ai kun faɗi irinta."

Ya ce, "Da safe ni da shi duk kanmu ba kaya. In ce masa bawa, ya ce mini bawa, mu yi dariya, wannan wasan kakanni ne. Amma ya ɗora mini kaya ya ce sai na faɗa? In na faɗa a haka, ta zama gaskiya."

"To, ai da ka gaya wa manaja."

"Mutum nawa suka gani da idonsu? In su ba su faɗa ba, nawa bakin me zai yi?"

Na san mutum ɗaya ne ya buɗe baki, wato ni, kuma na ɓata shaidata da hannuna.

Bayan wasu watanni na bi mota kai kaya Gwiwa ran kasuwa. Na hango shi zaune yana sayar da igiya. Na kira shi daga gefe. Bai waiwayo ba. Sai da ya dafa ƙasa ya juyo da jikinsa gaba ɗaya sannan ya gan ni, don wuyan ba ya juyawa. Ya yi mini fara'a, ya tambayi mutanen gida, har ya ce, "Ina bawana Modu? Ka gaishe shi."

Modu ya daɗe da barin sito, ya samu wani aikin, kuma har ya tafi ba wanda ya taɓa tambayarsa a kan abin da ya yi ran nan. Yau ni ake kira Sarkin Dako, shi ya sa nake gaya muku wannan, ku sababbi. Aikinmu aikin amana ne, don duk wanda ya ba da kai aka ɗora masa, wuyansa ya damƙa a hannun 'yan'uwansa. Ba a ɗaga gefe ɗaya, ko da tausayi ne ya kama ka, sai ka samu na biyu. In kuma an zalunci wani a gabanka, ka riƙe hannunka don bakinka ya yi amfani. Ku yi wasanku, Babarbare da Bafulatani, mahauci da masunci, ni ma ina yi. Amma a siton nan, mutum in da kaya a kansa, ba abokin wasan kowa ba ne. A sauke masa tukuna, ya miƙe wuya, sannan in kana da baki ka ce masa bawa, ka tsaya ka ji amsarka.