Kwamfutar Kawu Sale Sikeli

Ku da kuka zauna da Kawu Sale a Agege kun san ba a banza ake ce masa Sikeli ba. Komai ka miƙa masa sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina: burodi, rediyo, takalmi, har jaririn da aka kawo ya yi wa addu'a. In abu ba nauyi sai ya taɓe baki ya ce, "Iska ce, an cuce ka." Mutumin da ya tsufa yana fawa a kwatar Oko-Oba, ai dole.

Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa. Sunan tsohuwarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata".

Ina aji uku a sakandare aka fara koya mana rubuta wa kwamfuta umarni. Kwamfuta biyu ce, mu kuwa aji maƙil. Malamin ya ce wanda ba su da ita a gida ya koma baya ya yi kallo, kuma duk wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen zango ya bar darasin ke nan. Da na ɗaga hannu, sai ya yi dariya ya ce da Yarbanci, wai me 'yar aboki, wato 'yar Hausawa, za ta yi da kwamfuta, ko tsire za ta gasa a kai? Ya ɗauka ba na ji. Ni da aka yanke wa cibiya a Agege!

Na dawo gida ido jawur. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya furzar da goron bakinsa.

"Tsire ko? To. Gobe ba makaranta, ba kwata."

Jama'a, na sha kunya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja! Mai shago ya fito da wata 'yar siririya mai sheƙi. Kawu ya jinjina ta ya mayar.

"Wannan ba ta ci ta ƙoshi ba. Waccan fa?"

Wata ƙatuwa ce a lungu, ta yi ƙura har farinta ya koma ruwan goro. Ya bubbuga mata ciki kamar mai tayin bijimi, ya leƙa bayanta, ya ciccibe ta da hannu biyu har da nishi.

"Yawwa! Wannan da ƙashi."

"Oga, tsohuwa ce fa, ba ta da sauri."

"Mu ma ba tsere muka zo ba. Ɗaure mana."

A motar danfo kwandasta ya ce a saka ta a but. Kawu ya ce, "Sai dai kai ka shiga but ɗin." Kujera guda aka ba ta kusa da taga, ya rungume ta tun daga Ikeja har gida, yana hararar duk wanda gwiwarsa ta matso.

Tana aiki kuwa, sai dai in ka kunna ta za ka iya yin alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Na fara samun hannu ke nan, saura mako biyu jarrabawa, taransifomar unguwarmu ta buga. Ba wuta, ba labarinta. Na zauna gaban baƙin gilashi ina kuka.

Kawu ya ce, "Uwata, ita wannan abar, tana yin abin da ba ki ce ba?"

"A'a, sai abin da aka rubuta mata."

"Shi ke nan, daga yau ni ne kwamfuta. Rubuta yadda zan haɗa shayi."

Ya harɗe kan tabarma da buta da kofi. Na karanta, "Zuba ruwa a kofi." Ya zuba. Kofi ya cika, yana zubawa. Ruwa ya malale tabarma, yana zubawa.

"Kawu, tsaya mana!"

"Yana cikin takarda?"

Na gyara. Na ce, "Sa sukari." Wallahi kwalin gaba ɗaya ya dulmiya. Inna Ladi, matarsa, ta fito tana salati tana tafa hannu. Ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Ba ni ba ne, ga injiniya can." Kwana tara muna wannan hauka, ya ƙi sassauta mini ko sau ɗaya. A kan tabarmar nan na gane cewa duk abin da ka sa kwamfuta ta maimaita, sai ka faɗa mata inda za ta tsaya.

Ranar jarrabawa ina ɗaga kai sai ga Kawu a taga, da babbar rigarsa ta Sallah. Malam ya ce ba a yarda iyaye su shigo ba.

"Na shigo? Iska nake sha."

Aikin shi ne ka sa kwamfuta ta ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari. Ni aka bari ƙarshe. Ta wasu ta yi ta gudu har sai an kashe ta. Tawa ta ƙirga a natse, ta kai ɗari, ta tsaya cak. Malam ya sunkuyar da kai zai rubuta maki shiru.

Sai muryar Kawu daga taga, da Yarbancin da ya fi na malamin kauri: "Malam, maganar farko a gaban yara ka yi ta. Ta biyun ma yi ta a gabansu."

Malam ya ce, "Ta ci."

"Kunnena ya tsufa."

"Na ce ta ci!"

"Madalla. Tsiren kuma in kana so, zo Oko-Oba, a hannuna yake."

Yau aikin kwamfutar nan nake ci da shi, kun sani. Abin da ba ku sani ba, duk shekarun da kwamfutar ta yi a ɗakinsa, Kawu bai taɓa danna ko maɓalli ɗaya ba. In na ce ya gwada sai ya maida hannu baya, ya ce hannun da ke cikin jini da tumbi tun asuba ba na wannan ba ne.

A jinyarsa ta ƙarshe na je asibiti da kwamfutata ta aiki. Ban tambaye shi ba, na kama yatsansa, muka danna harafi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Me aka rubuta?"

"Sale."

"Ni ke nan?"

"Kai ne, Kawu."

Ya ce, "Bar shi haka, Uwata. Kar ki goge."

Ban goge ba. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tsaya wa marainiya, Allah ya tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Amin.